Wane Tsarin Talabijin Ya Dace Da Kallon Ƙwallo Kai Tsaye? Jagora Ga Mai Biya Daga Kudu, Ana Kallo A Jiddari Polo

Duk shekara idan watan Agusta ya kama, waya ba ta hutawa a hannun 'yan'uwanmu da ke neman abinci a Mile 12, Agege, Sabon Ibadan, Onitsha da Fatakwal. Kira ne daga gida, kuma bayan gaisuwa maganar ɗaya ce: "Yaya, an kusa fara Firimiya, ba a saka wa dikoda kuɗi ba." Wanda iyalinsa ke Jiddari Polo, unguwar nan ta Maiduguri da ke kusa da barikin Giwa, ya san nauyin wannan kira, domin a can maganar ta wuce nishaɗi kawai.

Mutanen Borno da Yobe ba su manta da harin da aka kai wa masu kallon ƙwallo a Damaturu ba a watan Yunin 2014, lokacin gasar cin kofin duniya, da kuma wanda aka kai a Konduga a watan Yunin 2019. Alhamdulillahi zaman lafiya ya samu sosai a cikin Maiduguri, gidajen kallo ma sun ci gaba da harkokinsu. Amma har yanzu uwa ba ta samun barci idan ɗanta yana waje ƙarfe goma sha ɗaya na dare, a garin da aka hana acaɓa tun 2011. Shi ya sa magidanta da dama suka gwammace su kawo ƙwallon cikin gida.

To amma kawo ta gida kuɗi ne, kuma kuɗin kowane wata ne. Abin da wannan bayani zai nuna maka shi ne: ba yawan tashoshi ake dubawa ba, ba kuma girman sunan tsari ba. Abu biyu ake dubawa, gasar da mutanen gidan suke kallo, da wutar da za a kalle ta da ita. Duk abin da ke ƙasa ya shafi gidanka na Arewa da ɗakinka ko shagonka na Kudu baki ɗaya.

Kamfanonin da ke kasuwa

DStv da GOtv duk na kamfani ɗaya ne, MultiChoice, wanda asalinsa na Afirka ta Kudu ne, kuma kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓi ragamarsa a watan Satumbar 2025. Tashoshin wasanninsu su ne SuperSport. Bambancin su biyun yana wajen hanyar da hoto ke zuwa. DStv daga tauraron ɗan'adam yake saukowa, sai an kafa kwanon satalayit, wato dish, yana fuskantar gabas. GOtv kuwa da eriya yake aiki, yana kamowa daga turken da kamfanin ya kafa a cikin gari. Ya shigo Najeriya a 2011.

StarTimes kamfanin China ne da ya fara aiki a Najeriya a 2010 tare da haɗin gwiwar NTA. Yana da dikodar eriya, yana da ta dish. Abin da ya fi jan mutane gare shi shi ne sauƙin kuɗi, da kuma damar biyan na kwana ɗaya ko na mako ɗaya maimakon wata cur.

Akwai kuma tashoshin kyauta da ake kamawa da babban dish, irin wanda ya cika rufin gidaje a Arewa. Suna da amfani wajen labarai, wa'azi da fina-finai, amma manyan gasannin Turai ba sa zuwa kyauta a kai a kai. Shi kuwa Canal+ da ake gani a hannun 'yan kasuwar da ke zirga-zirgar Chadi, Kamaru da Nijar, an tsara shi ne domin ƙasashe masu magana da Faransanci, sharhin wasa da Faransanci yake, kuɗinsa kuma da sefa ake lissafawa.

Tambaya ta farko: wace gasa ake kallo a gidan?

Kafin ka tura ko sisi, ka sa a zauna a gida a faɗa maka gaskiya. Idan yaran 'yan Arsenal ne, ko Chelsea, ko Manchester United, ko Liverpool, to Firimiyar Ingila ce buƙatarsu. Idan gidan 'yan Madrid da Barcelona ne, kamar yadda yake a gidaje da yawa a Arewa, to La Liga suke nema, kuma ita ta fi sauƙin kuɗi. Ga yadda rabon yake a 'yan shekarun nan:

1. Firimiyar Ingila: ƙungiyoyi 20, wasanni 380, daga Agusta zuwa Mayu. A DStv ana samun cikakkiyar tashar Firimiya daga tsarin Compact zuwa sama. A GOtv sai tsarin Supa Plus, wanda aka fito da shi a 2023 musamman saboda masu son Firimiya.

2. La Liga ta Sifaniya: ana samunta tun daga Confam a DStv, da kuma Max a GOtv.

3. Gasar Zakarun Turai: idan kana son zaɓar kowane wasa da kanka daren Talata da Laraba, sai Compact Plus ko Premium. Ƙananan tsare-tsare kan ba da wasu zaɓaɓɓun wasanni ne, kuma ba kai ke zaɓa ba.

4. Bundesliga ta Jamus: tun 2015 aka fi saninta da StarTimes.

5. Gasar Najeriya, NPFL: a 2023 StarTimes ta ƙulla yarjejeniyar nuna ta. Wannan ya shafi 'yan Maiduguri kai tsaye saboda El-Kanemi Warriors, ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙalubale a 1991 da 1992, ta sake ɗaukarsa a Yunin 2024 bayan ta ci Abia Warriors 2-0 a filin Onikan na Legas. Sai dai ba kowane wasan NPFL ake haskawa ba, don haka kada ka sayi dikoda kacokan saboda ita kaɗai.

Ƙananan tsare-tsare irin su Padi da Smallie ba na mai son wasa kai tsaye ba ne. Abin da aka fi samu a cikinsu shi ne labaran wasanni da maimaicin ƙwallayen da aka ci. Wanda ya saye su da niyyar ganin Arsenal ranar Asabar, zai ƙare ne a gidan kallo, ya biya sau biyu.

Farashi, da lissafin da ya kamata ka yi

Ga farashin wata-wata da MultiChoice ya fara aiki da shi ranar 1 ga Maris, 2025.

DStv: Padi N4,400, Yanga N6,000, Confam N11,000, Compact N19,000, Compact Plus N30,000, Premium N44,500.

GOtv: Smallie N1,900, Jinja N3,900, Jolli N5,800, Max N8,500, Supa N11,400, Supa Plus N16,800.

Ƙarin kuɗin ya jawo surutu sosai a lokacin, har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta gayyaci kamfanin, magana ta kai kotu. A 2023 da 2024 ma an yi ƙari. Ke nan ka riƙe waɗannan lambobi a matsayin ma'auni, ka duba na ranar kafin ka biya.

Yanzu ga lissafi. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 N70,000 ne. Premium kaɗai ya cinye fiye da rabinsa, alhali abin da ya ƙara a kan Compact Plus yawanci fina-finan Turawa ne da wasu wasannin da ba kowa ya damu da su a nan ba. Ga mai son ƙwallon ƙafa zalla, da wuya ya buƙace shi.

Kakar wasa wata goma ce. Compact na wata goma N190,000 ne. Supa Plus N168,000. Compact Plus N300,000. Confam N110,000, Max kuma N85,000. Ka ga gidan 'yan Madrid zai iya kallon ƙungiyarsa duk mako da kusan rabin abin da gidan 'yan Chelsea zai kashe.

Sai batun Zakarun Turai, inda mutane suka fi asarar kuɗi. Tsakanin Compact da Compact Plus akwai N11,000 a wata. Tun kakar 2024/25 aka sauya tsarin gasar, ƙungiyoyi 36 ne, kowace tana buga wasa takwas a zagayen farko daga Satumba zuwa Janairu. Wata biyar ke nan, ƙarin N55,000. Idan ƙungiyarka kaɗai kake kallo, kowane wasa ya tashi maka kusan N7,000. Idan kuwa gida ne mai samari biyar da ke kallon duk wasan da aka buga, to kuɗin ya biya kansa. Daidai ruwa daidai tsaki. Dabarar da wasu ke yi ita ce su zauna a Compact har Fabrairu, idan an shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale sai su hau Compact Plus zuwa wasan ƙarshe. Wanda kuma ƙungiyarsa ba ta samu gurbin gasar ba a bana, ai shi magana ta ƙare.

Kada ka manta da Yuni da Yuli. Idan ba shekarar kofin duniya ko wata babbar gasa ba ce, babu dalilin biyan babban tsari a watannin nan. Ka sauka zuwa ƙarami, ka koma a Agusta. Ana iya yin haka ta manhajar kamfanin a waya, daga Legas ma za ka iya sauya wa dikodar da ke Maiduguri tsari, muddin kana da lambar katinta.

Tambaya ta biyu: da wace wuta za a kalla?

Nan ne Jiddari Polo ta bambanta da Agege. A watan Janairun 2021 aka lalata turakun babban layin wutar da ke zuwa Maiduguri daga Damaturu, garin ya daɗe cikin duhu, aka gyara aka sake lalatawa. A watan Maris na 2023 aka buɗe tashar wutar gas mai megawat 50 da NNPC ta gina a garin, abin ya yi sauƙi, amma har gobe ba wanda zai rantse maka cewa za a sami wuta ƙarfe takwas na daren Laraba. A Kudu ma dai kowa ya san halin NEPA.

Matsalar ita ce kuɗin wata na DStv da GOtv yana tafiya ne ko an kalla ko ba a kalla ba. Kwanakinka suna ƙirguwa ko da dikoda ba ta ga wuta ba. Saboda haka wanda ya biya N30,000 a gidan da ba shi da wata hanyar wuta, ya sayi tikitin wasan da ba lallai ya shiga ba.

Hanyoyi uku ne. Na farko janareta, wanda tun cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya zama abin lissafi: wasa ɗaya da hutun rabin lokaci kusan awa biyu ne, ranar Asabar ko Lahadi kuma akan yi wasa biyu ko uku a jere. Na biyu sola da batir. Talabijin mai faɗin inci 32 irin ta zamani tare da dikoda ba sa cin wat 100, don haka ƙaramar sola tana ɗaukarsu, rana kuwa Maiduguri ba ta rasa ta. Na uku shi ne ka zaɓi kamfanin da ke karɓar kuɗin kwana ko na mako, ka biya lokacin da ka ga alamar wuta ko ka tanadi mai.

Shawarar ita ce: idan kuɗinka ba zai kai ga babban tsari da sola a lokaci guda ba, ka fara da sola da ƙaramin tsari. Gara La Liga da ake gani, da Zakarun Turai da ake ji a bakin maƙwabta.

Ka kuma sa a saya wa dikoda da talabijin abin kare su daga wuta mai ƙarfi, a ajiye dikodar a inda iska ke shiga. Zafin Maiduguri a watan Afrilu yana wuce digiri 40, ga ƙura lokacin hunturu. Rufe ta da ƙyalle tana aiki yana kashe ta da wuri.

Dish ko eriya?

Dish yana kamawa a ko'ina, cikin gari ko ƙauye, muddin ba bango ko bishiya a gabansa. Eriya kuwa sai inda turken kamfanin yake kaiwa, kuma ƙarfinta ya danganta da nisan gidan da tsawon ƙarfen da aka ɗaura ta. Hanya mafi sauƙi ta sanin gaskiya ita ce a leƙa gidajen maƙwabta a layin: wace dikoda suke amfani da ita, kuma tana tsinkewa ko ba ta yi? Gani ya kori ji. Kada ka sayi dikodar eriya a Alaba ka aika da ita a mota don kawai tana maka aiki a Legas.

Ruwan sama mai ƙarfi yana ɗauke hoton dish. Wannan ya fi damun mazauna Fatakwal, Warri da Legas, inda damina ke da tsawo. A Maiduguri abin da ya fi yawa shi ne iskar farkon damina mai ɗauke da ƙura, wadda ke karkatar da dish idan ba a ɗaure shi da kyau ba. Dish mai faɗin santimita 90 ya fi ƙaramin juriya. Ka biya ƙwararren mai haɗawa sau ɗaya, ya fi ka riƙa tura kuɗin gyara duk bayan hadari. Araha ba ta ado.

Ikon nuna wasa yana sauya hannu

Babu kamfanin da ya mallaki wata gasa har abada. Haya suke yi ta 'yan shekaru, idan ta ƙare a sake ciniki. Tarihi ya nuna haka. A 2007 wani kamfanin Najeriya mai suna HiTV ya karɓe Firimiya, mutane suka yi tururuwar sayen dikodarsa, zuwa 2011 ya durƙushe. TStv ya zo da alƙawura a ranar 1 ga Oktoba, 2017, bai je ko'ina ba. Kwesé ya rufe a 2019. Gasar Europa ta yi shekara uku a StarTimes daga 2018, sannan ta koma SuperSport.

Kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024 ma ya ba da darasi. Kamfanin New World TV na Togo ne ya riƙe ikon, SuperSport ya fara sanar da cewa ba zai nuna ba, sai ana saura 'yan kwanaki a fara aka daidaita. Gasar ce Najeriya ta kai wasan ƙarshe, mai masaukin baƙi ta ci ta 2-1 ranar 11 ga Fabrairu.

Darasin a fili yake. Kada ka biya kuɗin shekara guda saboda gasa ɗaya. A farkon kowace kaka, ka duba jerin tashoshin tsarin a manhajar kamfanin, ko ka sa dillali ya kunna maka tashar a gabanka kafin ka miƙa kuɗi.

Lokacin wasa da zaman gida

Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Ingila daidai yake da namu. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris kuwa muna gaba da awa ɗaya. Wato wasan ƙarfe uku na Asabar yana komawa ƙarfe huɗu, daidai La'asar, manyan wasannin Zakarun Turai kuma suna tashi daga ƙarfe takwas zuwa tara na dare, su ƙare wajen sha ɗaya. Maigida ya sa doka tun farko: salla a kan lokaci, 'yan makaranta kuma ba kowane dare ba.

Sannan talabijin ba ta samari kaɗai ba ce. Inna da matan gida suna da nasu: Arewa24, Africa Magic Hausa a DStv da GOtv, ko ST Dadin Kowa a StarTimes, yara kuma suna da katun. Ka tabbata tsarin da ka zaɓa yana ɗauke da tashar da suke so. Idan akwai tsohuwar dikodar tashoshin kyauta a gidan, kada a cire ta, a bar ta a ɗakin mata. Rigimar rimot ta raba kan gidaje fiye da yadda ake zato.

Kallo a waya, da dikodar bayan fage

Mai biyan DStv yana iya kallon tashoshin tsarinsa a waya ta manhajar kamfanin. Wannan ya yi wa ɗan ci-rani daidai: dikoda tana Jiddari Polo, shi yana kallo a rumfarsa a Mile 12. Sai dai kamfanin yana taƙaita yawan na'urorin da za su kalla a lokaci guda, kuma wasa ɗaya yana iya cinye data mai yawa idan ba a rage ƙarfin hoto ba.

Akwai kuma masu tallar wata 'yar na'ura ko manhaja da suke cewa tana buɗe duk tashoshin duniya da kuɗi kaɗan. Satar fasaha ce, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana, kuma ta saba ɗaukewa a daidai ranar babban wasa, lokacin da kowa ya hau kanta. Idan ta mutu ba ofishin da za ka kai ƙara. Haka nan wanda ke son buɗe wa ƙaninsa gidan kallo ya sani cewa tsarin gida daban, na kasuwanci daban. DStv yana da rajista ta musamman ga otal, shago da gidan kallo.

A taƙaice

Gidan 'yan Madrid ko Barcelona: Confam, ko Max idan eriya tana kamawa a layinku.

Gidan 'yan Firimiya: Compact, ko Supa Plus.

Gidan da ba a barin wasan Talata da Laraba ya wuce: Compact Plus, amma bayan an tanadi wuta.

Gidan da wuta ba ta da tabbas kuma kuɗi sai an lallaɓa: StarTimes na mako-mako, manyan wasanni kuma a je gidan kallo na kusa, a dawo da wuri.

Abu na ƙarshe, ɗan'uwa: ka rubuta lambar katin dikodar a wayarka, ka riƙa biya da kanka ta banki ko ta manhaja, ka ajiye shaidar biya. Kuɗin dikoda idan ya bi ta hannu uku, sau da yawa Compact kan koma Yanga kafin ya isa. Allah Ya sa albarka a nema, Ya ƙara wa Borno zaman lafiya.